Bangon Kifayen Kawu

Duk wanda na kira na shaida masa cewa Kawu ya rasu, kafin ya gama salati sai ya jefo mini tambaya iri ɗaya: ruwa ne? Mata a shagon kitsonmu haka suka tambaya. 'Yan tebur na titin Fordham haka. Har limamin masallacinmu, bayan ya yi masa addu'a, sai da ya rage murya ya ce ko a teku abin ya faru. Na gaji da amsawa. Ba ruwa ba ne. A kan kujerarsa ta roba ya kife da hantsi, gaban teburin da yake sayar da huluna da safar hannu, rediyonsa na ta magana. Hawan jini ne, kafin motar asibiti ta isa da shi rai ya yi halinsa. Wallahi wasu har na ji kamar amsar ba ta yi musu daɗi ba, don sun daɗe da yanke masa irin mutuwar da zai yi, sai ga shi ya yi irin ta kowa.

Masu gaisuwa sun faɗi alheri a kansa, ban ce ba su faɗa ba. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da sabgar kowa, sahun gaba ba ya wuce shi ranar Juma'a. Amma kowa in ya kai ƙarshen yabonsa sai ya ɗan gyara zama ya ce, sai dai wannan abu nasa na ruwa. Wannan "sai dai" ɗin ce ta sa na zauna rubuta wannan, don in aka bar su, nan da 'yan shekaru abin da za a tuna da shi ke nan, wani tsoho ɗan Gaya mai taɓin kifi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka New York, kuma a duk faɗin ƙasar nan ba ni da wani na jini sai shi. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Don haka ni ce mai sa hannu a asibiti, ni ce mai karɓar gaisuwa, ni ce kuma wadda liman ya ce ta kira gida. Ya ce kafin a kai shi makwancinsa a nemi yafiyar 'yan'uwa kamar yadda aka saba, musamman ta ƙanwarsa.

Na kira Inna, mahaifiyata, a Gaya ta bakin kogin Kwara. Labari ya riga ni isa. Ta yi masa addu'a da murya a bushe, ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce a'a. Da na ce Malam ya ce a roƙe su su yafe masa, sai ta tare ni.

“Addu'a na yi masa,” in ji ta. “Yafiya kuwa, ki bar ni tukuna.”

Na san abin da ke cinta. Kawu ya bar Gaya tana budurwa, bai sake taka garin ba. Babansu ya rasu bai zo ba. Tsohuwarsu ta yi doguwar jinya tana kiran sunansa har ta cika, bai zo ba. Takardunsa ba su taɓa daidaita ba, in ya fita ba shi da hanyar komowa, kowa ya san wannan. Amma Inna cewa take, mutum nawa suka tattara komatsansu suka dawo gida dungurungum, kuma ba su mutu ba? A ganinta daɗi ya samu ya manta da su. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne labarin da 'yan garinmu ke kai mata in sun je hutu, wai yayanta ya tsufa yana wasan ruwa da Turawa yana ɗaukar kifi hoto. Ta sha faɗa mini cewa wanda ya samu lokacin ziyartar kifi ai ba lokaci ya rasa ba.

Na gaya wa liman ta yi masa addu'a. Ban ƙara komai ba, shi ma bai tona ba. Haka aka kai Kawu maƙabarta a New Jersey ba tare da kalmar nan ba, kuma Inna ba yarinya ba ce, ga ciwon ƙafa ga yanar ido. Tsorona kada ita ma ta tafi da abin a cikinta. Abu guda nake da shi da nake jin zai sauko da ita, shi ne bangon falon Kawu, inda ya jera mata wani labari da hotuna.

Daga wurin wankan gawa na wuce gidansa a unguwar Mount Hope, nan yankinmu na Bronx. Takalma sun cika bakin ƙofa har kan matakala, ƙamshin turare da na shinkafa ya cika gidan. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga bango fayau, ba komai sai tabon salatif. Hajiya, matar shugaban ƙungiyar 'yan garinmu, ta tare ni da fuskar wadda ta yi aikin lada.

“Mun sauke hotunan nan, ɗiyata. Maza za su yi salla a nan, ga su kuma a alƙibla. Gidan makoki yana son mala'ikun rahama su shigo. Kada ki damu, ko ɗaya ba mu yar ba.”

Ta nuna mini kwalin man gyaɗa a bayan ƙofa. Sun ma yi mini gwaninta, sun tsara su tsaf, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Na durƙusa a gaban kwalin na fashe da kuka, mata suka rufu a kaina suna ba ni haƙuri, a zatonsu sai yanzu mutuwar ta shige ni.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da suka rushe.

Mu jinin Sarkawa ne, kakana masunci ne a kogin Kwara, kuma gwanin nutso. Kawu a ruwa ya tashi. Da ya zama saurayi ya gangara Lome, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa yana shiga ƙarƙashin manyan jirage yana kankare musu ciki. A can ya koyi nutso da tukunyar iska a baya. Da ya zo nan sai tebur, rani da sanyi, shekara da shekaru bai jiƙa ko gwiwarsa ba. Ya ce mini wata rana yana cikin jirgin ƙasa suka hau wata gada, ya hango ruwa ta taga, sai kewar ruwa ta kama shi har ya kasa sauka a tasharsa. Bai daɗe ba ya sayo rigar roba ta hannu, da tukunya, da tabaron ruwa. Daga baya ya haɗa da wata tsohuwar kyamara mai akwatinta na hana ruwa shiga.

Daga tsakiyar bazara har sanyi ya fara cizo, duk ranar da bai kafa tebur ba, yana idar da asuba zai loda kayan nan a keken siyayya irin na tsofaffin mata, ya ja shi zuwa tasha. Jirgin ƙasa na layin D, sannan na layin A har ƙarshensa, Far Rockaway, bakin teku. Tsoho baƙi dogo da farar hula da carbi, yana jan tukunyar iska cikin jirgi, ai dole a kalle shi. Akwai wasu Turawa masu nutso a gaɓar, sun san shi, sukan duba masa kaya ya duba musu, shi ke nan wasan da ake kai wa Inna labari. Da an shiga ruwa kowa ya kama gabansa.

Na taɓa tambayarsa yadda yake yi kifi ya tsaya masa. Ya ce ba ya bin kowa. Yakan sami gindin dutse ya kwanta, ya rage numfashi, ya jira har mutanen wurin su manta da shi su koma harkarsu. Haka yake kiransu, mutanen wurin. Ruwan New York ba irin na talabijin ba ne, kore ne mai duhu, in ka miƙa hannu da kyar kake ganin yatsunka, don haka sai abu ya zo dab da hancinsa yake dannawa. Wani lokaci ya yini ya dawo da hoto guda, wani lokaci ya dawo da mura kawai.

Hotunan yakan wanke su a injin da ke kantin magani na unguwa, ya zo ya manna a bango da salatif. Daga dama yake farawa zuwa hagu, yadda ya koyi karatu a allo. Ba ya bin ranar da ya ɗauka. Hoton bara yana iya zama kusa da na jiya, na jiya ya koma can farko, don shi ba tarihin nutsonsa yake jerawa ba, labari yake ginawa. Ba ya rubuta komai a bayansu. Labarin yana wuri biyu ne kawai, a jerin da ke bango da kuma bakinsa. In ya kammala, sai ya ɗauko sandar wata karyayyar laima ya tsaya gefe, ya gyara murya ya buɗe da ga ta nan ga ta nanku, kamar yana gaban yaran unguwa guda.

Da farko kuwa akwai yaran. 'Ya'yan maƙwabta kan cika falon, suna jin Hausa suna amsawa da Turanci, suna dariyar ƙaguwar da gidan haya ya yi mata kaɗan ta fita neman wani tsirara. Suka girma, waya ta ɗauke su. A shekarun baya-bayan nan ni kaɗai ce ke amsa masa ta zo mu ji ta, ranar Litinin da ba ma buɗe shago. Na sha musu da shi. Da ya nuna mini wani ɗan halitta mai kan doki ya ce a cikinsu namiji ne ke ɗaukar ciki ya haihu, na ce haba Kawu, ku ji tsoron Allah, da girmanku. Ya yi dariya har da tari, ya ce in na je lahira in tambaya. Ashe gaskiyarsa ce. Akwai Litinin ɗin da aiki kan riƙe ni, in na kira in ba shi haƙuri sai ya ce ba komai, ai ya riga ya faɗa wa kujeru.

Abokin zamansa wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, direban tasi, mai son ci da son tsokana. Duk ranar da Kawu ya dawo yana ba da labarin wani ƙaton kifi da ya gani, sai ya ce masa, “Ka ga kifi ya kai ni girma, ka dawo mana da takarda? Takarda za mu sa a miya?” Wannan wasa ne. Faɗan gaske a kan salla suka yi shi. Bangon da ya fi faɗi a falon shi ne na alƙibla, direba ya ce shi ba zai yi sujada yana fuskantar ƙaguwa ba, a mai da su ɗakin kwana. Kawu ya ce ɗakin kwana ba haske, kuma shi halittar Allah ya ɗauka ba gunki ya sassaƙa ba. Magana ta yi zafi har da gori. Suka daina yi wa juna magana wata guda cur, kuma watan azumi ne. Abin dariya abin haushi, a tire ɗaya suke buɗa-baki, hannu na karo da hannu, ba mai cewa kanzil. In na je sai a mai da ni ɗan aike, gaya wa kawunki gishiri ya ƙare, gaya wa mutumin nan an kira shi a waya, alhali ga su zaune gwiwa da gwiwa.

Ana jibi salla direba ya shigo da igiya da ƙusa biyu da wani koren labule. Ya hau kujera. Kawu ya dube shi ya dube shi, sannan ya tashi ya riƙe masa kujerar. Tun daga ranar, in lokacin salla ya yi sai a ja labule, in an idar a zuge. Ranar da Hajiya da matanta suka sauke hotunan, labulen nan yana nan a jikin igiyarsa. Sun zuge shi ne suka ga abin da ke baya, suka ga ai rufewa ba ta isa ba a ranar mutuwa. Direba kuwa yana can wurin haƙa kabari, babu wanda zai ce musu ku dakata.

Ba zan manta abin da Kawu ya yi mini lokacin da aurena ya mutu ba. Mijin ya tattara ya koma wata jiha, ya bar ni da ɗaki da surutun mutane. Na daina ci, na daina zuwa shago. Mata suna ta zuwa da nasiha har na tsani ƙarar ƙararrawar ƙofa. Kawu bai yi mini nasiha ko ɗaya ba. Wata safiya ya zo ya ce in sa tsohon zane in biyo shi. Muka yi tafiyar nan mai tsawo a jirgi ba mai magana. A gaɓa ya sa mini tabaron ruwa ya ɗaure, ya kai ni inda ruwa ya kawo mini ƙugu, ya riƙe damtsena ya ce in sunkuya in tsoma fuskata. Ni jikar masunci, ban taɓa buɗe ido a cikin ruwa ba sai ranar. Hayaniyar garin nan duk ta ɗauke ɗif. Na ga wasu 'yan kifaye kamar allurai suna kai da kawo a kan yatsun ƙafata, ko a jikinsu. Da na ɗago ya ga tabaron ya cika da hawaye.

“Koma,” ya ce. “A nan ba mai jin ki, ba mai kai labari. Yi abinki.”

Na koma na yi mai isata. A hanyar dawowa ya saya mini masara gasasshiya, na cinye ta tas.

Labarinsa na ƙarshe a kan wani ɗan kifi ne da bai kai tafin hannun jariri ba, fari, gefensa rawaya, da baƙin layi da ya ratsa idonsa. Kawu yana ce masa mai kwalli. Ya ce ba ɗan nan ba ne. Can kudu ake haifarsa inda ruwa ke da ɗumi, sai wata igiyar ruwa mai ƙarfi ta kwaso shi yana ɗan mitsitsi ta kawo shi nan da bazara. Ya samu tsagar dutse ya zauna, ya ci ya girma. Igiyar kuwa hanya ɗaya take bi, ba ta komawa da kowa. Na ce to in sanyi ya zo fa? Ya ce in bari sai an gama.

“Wannan ba naki ba ne, ɗiyata, na uwarki ne. Idonta ba ya gani, don haka zan bi bangon ina faɗa, ke kina riƙe da waya. Abin da na kasa gaya mata da bakina tsawon shekarun nan, yana ciki.”

Bazara uku yana kansa, ko huɗu. Duk shekara wani mai kwallin ne ke zuwa, amma ya ce a labarinsa guda ne. Kuma tunda ya fara shi bai ƙara zuge labulen a gabana ba. In na kai hannu sai ya buge shi da sandar laima, ya ce ba a leƙa tukunya kafin ta nuna. Sai in ji shi a bayan labule yana ɓare wannan yana manna wancan yana gunaguni. Ana cikin makon da zai rasu ya kira ni, murya wasai, ya ce ya gama, in zo Litinin in cika wayata da caji. Ranar Asabar ya faɗi.

Bayan sadakar uku na fara bin mutane. Na sami Hajiya na tambaye ta wane hoto ne a farkon dama, ta ce ita daga wajen taga ta fara cirewa, wata ta faro daga ƙofa, wata doguwa ta kwashe na sama. Ta dube ni da tausayi ta ce ai duk kifi ne. Ban ji haushinta ba, wallahi, ko da yake na so in ji. Alheri ta yi niyya, kuma da gidan wani ne ni ma da hannuna za a sauke. Na tambayi direba, mutumin da ya kwana ya tashi da bangon nan. Ya ce shi labule ya sani, rabonsa da ya dubi abin da ke bayansa tun wancan azumin. Yana faɗa yana share ido da hularsa. Wata abokiyar aikina ta ce a duba katin kyamara, ai yana nuna ranar kowane hoto. Na ce mata ranar ba ta da amfani, Kawu ba da rana yake jeri ba.

Sai dabara ta faɗo mini. Hotunan ba girmansu ɗaya ba, kuma kowanne ya bar tabon salatif a kusurwoyinsa. In na auna tabon, ko ba komai zan san inda manya suka zauna da inda ƙanana suka zauna. Amma direba ya ce ba zai iya zaman gidan shi kaɗai ba, bayan sadakar bakwai ɗansa ya zo ya kwashe shi zuwa unguwar Stapleton, can wani gefen gari. Ranar da na samu na je da tef ɗin awo, na tarar da ƙofa a buɗe, mai kula da ginin yana wanke burushi. Ya shafe falon da farin fenti har sau biyu, yana ta murna wai masu haya na nan tafe. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina shaƙar warin fenti, tef a hannuna kamar wata tela.

Na kai kwalin ɗakina a unguwar Concourse Village. Kullum in na dawo daga shago sai in ture kujera in shimfiɗa su a ƙasa, daga dama zuwa hagu. Ga mai kwalli kusa da wata sarƙa mai tsatsa. Ga shi ya leƙo daga cikin fasasshiyar kwalba. Ga shi a gefen ƙaguwa, ga shi ƙarƙashin cikin wani baƙin kifi mai kaurin leɓe. A wasu ruwan kore ne mai haske, a wasu ya yi toka-toka. Akwai guda da ba kifi a ciki sam, tsagar dutse ce kawai. In na sa ta a farko, wuri ne da ke jiran baƙo. In na sa ta a ƙarshe, baƙo ya tafi, kuma ban san ko mutuwa ya yi ko hanya ya samu ba. In na sa ta a tsakiya, wani labarin ne daban. Na jera na rushe har gwiwoyina suka yi kanta, ba wanda zan ce wa zo ka gani.

Ba wai ban iya shirya zance ba. Mai kitso ce ni, yini nake ina zuba. Da na so, da na ƙulla labari mai daɗi na ce wa Inna haka Kawu ya bari, ya ce kullum yana hanyar gida. Amma ba zan sa wa mamaci magana a baki ba, kuma yafiyar da aka samo da ƙarya ban san inda za ta kai shi ba. Balle Inna ta san bakin yayanta, da na fara za ta gane nawa ne.

Ana gobe sadakar arba'in na kira ta da safe kafin in fita. Na gaya mata komai yadda yake, bangon, da alkawarin Litinin, da Hajiya, da fenti. Na ce ya bar muku saƙo, Inna, amma ya wargaje a hannuna, ban san farkonsa ba ban san ƙarshensa ba. Na zaci za ta ce ai dama. Sai ta ce in ɗauko duk wanda hannuna ya kai, in gaya mata abin da ke ciki.

Na ɗauko na faɗa. Ta tambayi launin ruwan, ta tambayi ko ƙasan yashi ne ko dutse, tambayoyin ɗiyar masunci. Na ɗauko wani na faɗa. Muna cikin na biyar ko na shida ta tsayar da ni.

“Shi mai kwallin nan, su nawa ne a hoton?”

“Shi kaɗai ne.”

“Wanda kika ajiye fa?”

Na duba. “Shi kaɗai.”

“Kifi ba ya yawo shi ɗaya. Duba sauran da kyau, ko a bayansa, ko a gefe, za ki ga irinsa.”

Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ina kai su bakin taga don haske. Ƙaguwa na nan, baƙaƙen kifayen nan na gari suna nan garke-garke. Kwana da kwanaki ina juya hotunan nan ina neman wanda ke gaba da wanda ke baya, ban taɓa lura ba. Na ce mata babu, Inna, ko a guda ɗaya babu irinsa.

Ta cikin wayar ina jin kaji a tsakar gidanmu, da wani mai tallan kankana yana wucewa. Da ta yi magana muryar ba irin ta ranar rasuwa ba ce.

“Ashe haka Yaya ya zauna. Ni ina nan ina cewa daɗi ne ya riƙe shi.” Ta ja numfashi. “Bar jerin nan haka, na ji. Gobe ki gaya wa Malam a gaban jama'a, na yafe masa duniya da lahira.”

Na ce to, Inna, Allah ya saka da alheri. Har na fara share fuska, sai na ji ta sake kiran sunana a hankali.

“To ni fa? Wa zai roƙar mini shi?”

Na zauna a ƙasa a tsakiyar hotunan, waya a kunnena, ita a Gaya ni a Bronx, ba wadda ta iya kashewa.

Allah ya jiƙanku, Kawu, ya yalwata muku makwanci, ya ɗebe muku kewa a inda kuke.